Muhawara: Shin ƙananan gaɓoɓin da ake shukawa a ɗakin gwaji za su sallami ɓeraye?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: kwanan gwada magani a jikin ɓera ya ƙare. Yanzu ana ɗibar ƙwayoyin halitta na asali daga jikin mutum, a reno su har su zama ɗan mitsitsin hanji ko huhu ko ƙwaƙwalwa, abin da ake kira oganoyid. A Disamban 2022 Amurka ta cire dokar da ta wajabta gwajin dabbobi kafin a fara gwada magani a kan mutane.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Nasiru, cire wajibci suka yi, ba hana gwajin dabba suka yi ba. Kuma ɗan hanjin farko da masu bincike Hans Clevers da Toshiro Sato suka reno a Utrecht ta ƙasar Holan a 2009, daga hanjin ɓera aka samo shi. Na mutum sai 2011.

Nasiru: Na yarda, Dakta. Amma ki duba Zika, cutar da sauro ke yaɗawa. Lokacin da aka riƙa haifar jarirai masu ƙaramin kai a Brazil a 2015 da 2016, da ƙananan ƙwaƙwalwar gwaji aka ga ƙwayar cutar tana cinye ƙwayoyin da ke haifar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wa zai buɗe kan jariri a ciki ya duba?

Maryam: Yaya Nasiru, ni kullum da oganoyid ɗin nan nake aiki a nan ɗakin gwajinmu. Kamar ƙwayar gero suke, suna iyo a cikin ruwa mai launin hoda, kuma duk bayan kwana biyu ko uku sai na canja musu ruwan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba su da jijiyoyin jini. Da zarar ɗaya ya kai 'yan milimita, tsakiyarsa ta daina samun iska da abinci, sai ta mutu. Na sha yanka wanda na yi wata biyu ina reno in tarar cikinsa ya ruɓe. Sannan wannan abu mai kamar kunu da muke dasa su a ciki, Matrigel, daga ƙarin ciwon daji na jikin ɓera ake tatso shi. To ina sallamar?

Malam Bashir: Allah ya saka, Maryam. Magani idan an sha, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar, garkuwar jiki ta mayar da martani. Gaɓa guda a faranti ba za ta nuna maka wannan ba.

Nasiru: To, Malam, ɓeran ma yana nunawa ne? Kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabba suna faɗuwa a gwajin mutane. A Utrecht ɗin nan, masu ciwon sistik faiburosis, wanda ke sa majina ta yi kauri a huhu, ana ɗibar ɗan nama daga ƙarshen hanjinsu a reno shi. A zuba maganin, a ƙara wani sinadari. Idan ƙananan hanjin da aka reno suka kumbura da ruwa, alama ce maganin zai yi wa mai naman aiki. An ba marasa lafiya magani a kan haka.

Dakta Hauwa: Wannan kam ban musa ba, shi ne mafi ƙarfin hujjarka. Sai dai ciwon ya sauƙaƙa aikin ne, don matsalar a ƙwayar gado guda take, kuma a bangon hanji ake ganinta. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne gudawar yara. Kiriftosforidiyom, wani ƙwaron cuta da ke jawo gudawa, na cikin masu kashe ƙananan yara a Afirka, kuma an daɗe ana fama kafin a iya reno shi a ɗakin gwaji. A 2018 aka ga ya kammala rayuwarsa a cikin ɗan hanjin gwaji. Amma yaron da nake gani a asibiti yana fama da tamowa da zazzaɓin cizon sauro a lokaci guda. Maryam, an taɓa haɗa muku irin wannan a faranti?

Maryam: A'a, Anti. Ƙwayoyin garkuwar jiki muke ƙoƙarin saka musu tukuna, kuma yawanci ba sa daɗewa a ciki.