Shawarwarin da aka bayar kan zana taswirar tsirran fadama

A zaman da manoma, masunta da makiyaya suka yi da malaman gona a wani ƙauye na Kirikasamma a Jihar Jigawa, magana ta fi tsayawa kan abu ɗaya: in za a zana taswira, kada a tsaya a bakin hanya a kasa fadama kashi-kashi da kallo kawai. A bi ruwa. Inda ruwa ke kwana shekara, nan bado yake. Inda yake janyewa bayan kaka, ciyawar burgu ce da shanu ke rububi, sai giyayya da bagaruwa a laka mai tsagewa. Da ka hau tudu ƙafarka ta fara nutsewa a yashi, goruba da kaba sun karɓi wuri.

Wani dattijo ya ce a zagaya sau biyu, da malka da kuma bazara, domin fadamar Agusta ba ita ce ta Afrilu ba. Na ga gaskiyarsa.

An daɗe ana magana kan kachala, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa a wasu rassan Kogin Hadeja, ita kuwa abin da take so ke nan. Aka ce a ware mata launinta daban a taswira, a riƙa sabunta iyakarta duk shekara.

Hoton tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma yakan haɗa shinkafa da ciyawa, sai an taka da ƙafa an tabbatar. Makiyaya suka ƙara da cewa a sa burtali da mashaya, kuma a rubuta sunayen da mutanen gari ke kiran kowane tabki.