Otofailot na sa jirgi tafiyar maciji a ruwan Yauri, ina gyaran yake?

Na-Yelwa:
Assalamu alaikum. Jirgin faiba ne, injin Yamaha 200, sitiyarin haidirolik, da otofailot (na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta) Raymarine mai allon ST6002. Da an miƙa masa tuƙi sai ya riƙa karkata dama da hagu, kuma kamfas ɗinsa ya saɓa wa GPS da digiri 20. Daga ina za a fara?

Injiniya Ngaski:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa saiti sai ka duba inda aka ɗaure kamfas. Sifika, batir, jarkar ƙarfe, anga, akwatin sifana, duk suna jan sa. A ba shi tazarar mita 1. Sannan ka shiga saitin gwajin kan ruwa, ka zagaya da jirgi a hankali sau biyu, gudu ƙasa da kilomita 4 a awa, kowane zagaye kamar minti 3. Allon zai nuna maka yawan karkacewar kamfas ɗin. In ta haura digiri 15, wurin ne bai yi ba. Sauya masa mazauni ka sake.

Baban Hafsat:
Ƙari kan maganar Injiniya: saɓanin nan na digiri 20 ba lallai laifin kamfas ba ne. Kamfas hancin jirgi yake nunawa, GPS kuwa hanyar da jirgin ya bi a zahiri. A Neja, in kana yanke ruwa lokacin da ya kawo, dole su saɓa. Ka gangara tafkin Kainji wajen Warra da sassafe, kafin iska ta tashi, ka miƙe sak, sannan ka daidaita su.

Tafiyar macijin kuma yawanci Rudder Gain, wato saitin yawan murɗa sitiyari da otofailot ke yi, ne ya yi yawa. Daga 1 zuwa 9 yake. Gwada shi haka: a gudun da ka saba, ba shi umarnin juya digiri 40. In ya zarce da fiye da digiri 5 kafin ya dawo, rage ɗaya. In ya yi nawa wajen juyawa, ƙara ɗaya. Counter Rudder shi ne birkin juyawar, sai ka gama da na farko ka taɓa shi. Masu murɗa biyun lokaci guda su ne ba sa gane wanda ya yi aiki.

Mai Gyaran Inji:
Alhaji, duk wannan banza ne in akwai iska a tiyon man sitiyari. Murɗa sitiyari har ƙarshe. In ka ji taushi kamar soso, a fitar da iskar, a cika mai. Ka auna wuta a bakin famfon da otofailot ke tura man sitiyari da shi yana aiki, don waya siririya ko tsatsa na rage ƙarfin wutar mai bolt 12 ɗin.

Injiniya Ngaski:
Haka ne. Kuma ranar gwaji a nemi fili, mutum na kan sitiyari. Na'urar ba ta ganin taru, ba ta ganin kututturan da ruwa ya shanye tun da aka tare Kainji a 1968.