Wane littafin kasada ya fi dacewa da masu fara Dungeons & Dragons?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke son fara wannan wasa na tebur, wanda 'yan wasa ke zama jarumai a cikin labarin kasada, kuma ni aka ɗora wa jagorancin labarin. Wane littafi za ku ba ni shawarar saya?

Hajiya Mai Dara: Wa alaikumus salam. Ka nemi Lost Mine of Phandelver, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014. Yana ɗaukar 'yan wasa daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma an tsara shi yadda sabon jagora ba zai ruɗe ba, domin ƙauyen Phandalin, cibiyar labarin, ƙarami ne, mutanensa kuma ba su da yawa.

Malam Baƙo: Na yarda da Hajiya. Curse of Strahd na 2016 ya fi shi armashi a ganina, sai dai yana buƙatar jagoran da ya ƙware, tunda 'yan wasa suna iya kutsawa ko'ina a ƙasar Barovia, inda labarin yake gudana, har wuraren da suka fi ƙarfinsu. Tomb of Horrors na 1978 kuwa, ku ajiye shi tukuna, saboda tarkunansa suna hallaka jarumi nan take.