Wiki ɗaya ga ɗakunan karatun Damagaram, zai yi kuwa?

Mai tsaron bibliyotek: Salamu alaikum jama'a. Ni fa grup ɗin WhatsApp ɗin nan ba ya riƙe mana komai. Satin da ya wuce wata ɗaliba ta zo neman littafi kan sarautar Sarkin Damagaram Tanimun, na san wani cikinku ya taɓa cewa yana da shi, na yi ta ja sama cikin vokal da barka da Juma'a har batir ya mutu ban gani ba, yarinya ta koma hannu rabbana. Mu buɗe wiki ɗaya, wato shafin intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, mu da na lise da na jami'a da ƙungiyoyi, kowa ya rubuta abin da ke kan kantarshi, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. "Wanda ya ga kuskure ya gyara" ɗin nan shi ne bai kwanta mini ba. Gobe wani yaro ya shiga ya maida 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai, ya sa 1962, wa za a kama?

Ƴar jami'a: Malam ai nan ne wiki ya fi kaye ɗin rajista. Kowane shafi yana da tarihinshi, ana ganin wa ya taɓa, wace rana, me ya goge, danna ɗaya a maido da na da. Kuma MediaWiki da Wikipedia ke gudana a kai kyauta ce, ana iya kulle ta sai mai kont zai rubuta.

Malamin tarihi: Ɗiyata kar ki kira mini Wikipedia, ɗalibaina kwafe ta suke har da lambobin ƙasan layi su kawo mini a matsayin ekspoze.

Ƴar jami'a: 😂 wannan laifin ɗalibai ne Malam

Ɗan Zango mai gyaran ordinater: Ku kuna gardamar wa zai gyara, ni tambayata wa zai biya. Sai an ajiye shi wani wuri a intanet, kuɗi ne duk shekara, ga forfe, ga kuran da ke tafiya lokacin zafi, ga rezo. Na taɓa yi ma wata ƙungiya sit, ana gama proje kuɗi suka ƙare, wanda ke riƙe da mo-de-pas ya samu afektasiyo ya tafi da shi a kai, yau ko buɗewa ba ya yi.

Hajiya ta ƙungiyar mata: To ɗana ai wannan hujjarmu ce ba taka ba, mutum ɗaya ya riƙe shi ya sa ya mutu. Mu bara mun shirya horon yaƙi da jahilci, ashe wata ƙungiya ta yi irinshi a unguwa ɗaya da mata ɗaya, da akwai inda ake rubuta wa ya yi me da mun ari takardunsu kawai.

Ɗan Birni: Ni abin da ba wanda ya taɓo, littattafan da suka fi daraja a garin nan ba a bibliyotek suke ba, suna cikin adaka a zaurukan malamai, Larabci da ajami, cikin gafaka, wasu gara ta fara cin gefensu. Na kakanmu ko ni sai da alwala nake taɓawa, kuma Baba ba zai yarda a ɗauki hoto a watsa ba ko da wasa.

Mai tsaron bibliyotek: Ba hoto ba yaya, suna kawai da fannin da adadin ganye, in mai bincike na so ya zo ya yi sallama kamar kowa. IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ma ai lissafin nasu suka yi.

Ɗan Birni: Suna kawai yau, gobe baƙi sun cika mana zaure da kamara. Zan dai tambaye shi bayan la'asar amma kar ku sa rai.

Ɗan Zango mai gyaran ordinater: har yanzu ba a ce mini wa zai biya ba fa

Malamin tarihi: In za a yi, shafukan tarihi kar kowa ya taɓa sai na duba.

Ƴar jami'a: Malam in sai kai ka duba to ya tashi daga wiki ya koma kayenka 🙏