Wane suna za mu raɗa wa dokar da Amurkawa ke kira red flag law?

1. Assalamu alaikum. Ina fassara wani labari kan birnin Memphis na jihar Tennessee a Amurka, sai wata kalma ta tsaya min a wuya: red flag law. Malaman Hausa da abokan aiki 'yan jarida, a kawo ɗauki.

2. Bari in fara faɗin aikin dokar, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Idan aka ga alamun mutum na shirin kashe kansa ko harbin wasu, 'yan sanda kan je gaban alƙali, a wasu jihohin ma danginsa na iya zuwa. Alƙali ya ba da umarni a karɓi bindigoginsa, a kuma hana shi sayen wata. Daga baya a zauna a saurari ta bakinsa. In hujja ta tsaya, umarnin kan kai shekara guda. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, a mayar masa da kayansa. Ba ɗaure shi aka yi ba, ba kuma an ce ya aikata laifi ba. Jihar Connecticut ce ta fara a 1999. Florida ta yi tata a 2018, bayan an kashe mutum 17 a makarantar sakandaren Parkland.

3. Abin da ya kawo Memphis cikin zancen: a Tennessee, dokar bindiga a hannun jiha take. Birni sai dai ya jera buƙatunsa ya kai wa majalisar jiha, ya jira. A Maris 2023 aka kashe yara 3 da manya 3 a makarantar Covenant da ke Nashville, babban birnin jihar, da bindigogin da aka saya bisa ƙa'ida. Gwamna Bill Lee ya nemi a yi doka mai kama da wannan, har ya kira zama na musamman a Agusta, majalisa ta ƙi. Ta dai ware kuɗin sa ɗan sanda a makarantun gwamnati, a 2024 ta ba malamai damar shiga makaranta da bindiga bisa sharuɗɗa, sannan ta hana birane kafa irin wannan doka da kansu. Duk da haka mutanen Memphis suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ita a Nuwamba 2024, ƙuri'ar da ba za ta yi aiki ba sai jiha ta sassauta.

4. Shawarwari sun fara shigowa. Wani malaminmu daga Zariya ya ce a bar ta "dokar jar tuta", wato fassarar red flag law kai tsaye. Allah gafarta Malam, da girmanka, ban gamsu ba. Mai sauraro a Funtuwa in ya ji jar tuta, tutar jam'iyya ko ta masu jerin gwano zai hango, ko jan ƙyallen da ake ɗaura wa rodi a bayan mota. Bindiga ba za ta faɗo masa a rai ba, balle kotu. Sai ka ɓata jimla biyu kana bayani, a labarin da minti ɗaya aka ba ka.

5. Wani ƙanena ya ce "dokar jan kati". Na yi dariya, amma ƙanena, jan kati sai an yi ƙeta ake ɗaga shi. Wannan tun kafin a taɓa kowa ne.

6. Mutum huɗu sun kawo "dokar ƙwace bindiga". A nan nake so mu yi hattara. Ƙwace akwai fin ƙarfi a ciki, kuma abin da aka ƙwace ba a sa ran dawowarsa. Haka masu adawa da dokar ke kallonta, suna cewa tauye 'yancin mallakar makami ne da tsarin mulkinsu ya ba su, kuma ana hukunta mutum kafin a ji ta bakinsa. Suna da hujjarsu, a kawo ta cikin labari da sunansu. Amma in mai fassara ya cusa ta cikin sunan dokar, ya yanke shari'a tun ba a zauna ba. Shi kansa Gwamna Lee gudun sunan red flag ya yi ta yi, ya kira tasa umarnin kariya na wucin gadi, don ya san yadda suna ke kashe ƙudiri.

7. Wadda ta fi burge ni ta zo daga wata Hajiya a Maraɗi: "dokar ajiye makami". Ta ce kamar dattijo ne ya ga yaro ya fusata da wuƙa a hannu, ya ce kawo in ajiye maka har ka huce. Hajiya, wallahi kin kama ruhin abin. Matsalar ita ce kunnenmu ya riga ya saba: an ce an ajiye makamai, sai tubabbun 'yan bindigar Zamfara da Katsina su zo mana a rai. Ga kuma wata doka daban da biranen ke nema, ta tilasta wa iyaye kulle bindiga inda yaro ba zai kai hannu ba. Ita na tanadar wa "dokar adana bindiga", kuma ajiye da adana sun yi kusa da yawa.

8. Na so "riƙo", saboda riƙon ƙwarya, sai na faɗa da ƙarfi na ji "dokar riƙon bindiga" ta koma izinin yawo da ita. Na janye.

9. Inda na tsaya: "dokar karɓe bindiga ta wucin gadi". Karɓe ta nuna ba da son ransa ba ne, amma ba ta kai ƙwace zafi ba. Wucin gadi ya nuna akwai ranar mayarwa. A ambaton farko a faɗe ta cikakkiya, a ƙara "bisa umarnin kotu", daga nan a taƙaita zuwa "dokar karɓe bindiga".

10. Malam ya dawo ya ce ta yi tsawo ga kanun labari. Gaskiya ne, Malam. Na gwada ta haka: "Memphis na neman majalisar jiha ta amince da dokar karɓe bindiga." Na karanta wa mai gadinmu, ya tambaye ni, wa za a karɓe wa, kuma wa zai karɓa? Amsar tana jimla ta biyu ta labarin, don haka na tura wa edita a haka.