Neman shawara: daidaita linkejin sitabilaiza a motar da aka rage wa tsayi

Mai tambaya, daga wani ƙauye a Ringim: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2005 wadda na saya an riga an sa mata gajerun sifirin, saboda haka ta fi irinta kusanci da ƙasa. Da linkejinta na gaba, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar sitabilaiza da ƙafar mota, ya fara ƙara, na sayo irin wanda ake ƙara wa tsawo ko a rage daga Ƙofar Ruwa, bakanikenmu kuma ya ɗaura shi, yana ɗaga ɓangare ɗaya da jak, ya gama, sannan ya koma ɗayan. A ɓangaren dama sai da ya danne sandar da ƙarfe kafin kusar ta shiga. Tun daga nan motar tana shiga kwanar hagu da sauƙi amma tana turjewa a ta dama, kuma ina ganin kamar ta ɗan karkace idan tana tsaye. Ina roƙon masana su faɗa mini yadda ake daidaita tsawonsa.

Bakanike daga Kazaure: Wa'alaikumus salam, Malam. Matsalar ta taso ne daga ɗaurin da aka yi a kan jak. Sandar sitabilaiza tana haɗa ƙafar hagu da ta dama, kuma ba ta yin aiki sai lokacin da ɗaya ta fi ɗaya nitsewa, kamar a kwana, inda take murɗewa ta hana motar kwantawa. Idan mota tana tsaye a daidaitaccen wuri, bai kamata a ce akwai wata murɗa a jikinta ba. Wanda ya auna tsawon linkeji alhali taya ɗaya tana rataye a sama ɗayar kuma tana ɗauke da nauyi, dole tsawon biyun ya saɓa, kuma da zarar an sauke motar sandar za ta zauna a murɗe, tana danne ƙafa ɗaya tana sassauta wa ɗayar. Abin da kake ji a kwana ke nan.

Gyaran ba ya buƙatar sabon kaya. Ka nemi daɓen siminti mai daidaito, ko ramin gareji, ka daidaita iskar tayoyin duka, ka tura motar gaba da baya kaɗan domin ƙafafun su zauna yadda suke a hanya. Wani mai nauyinka ya zauna a kujerar direba. A kwance linkeji ɗaya gaba ɗaya, a saita ɗayan yadda hannun sandar zai zama kusan a kwance, daidai da ƙasa, a ɗaure shi. Sannan a riƙa juya na biyun, ana ƙara shi ko ana ragewa, har sai kusarsa ta shige ramin sandar da yatsu kawai. Idan har sai an kawo guduma ko ƙarfen dannewa, to tsawon bai yi ba tukuna. Bayan haka a ɗaure notocin kulle sosai.

Direban haya daga Gumel: Ni a ganina, ɗan'uwa, ka cire sandar ka huta. Motoci da yawa a tasharmu ba su da ita, kuma suna tafiya.

Bakanike daga Kazaure: Oga direba, ka yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Tafiya a miƙe daban take da ranar da dabba za ta faɗo titi mutum ya kauce da gudu, kuma a wannan lokacin ne ake sanin amfanin sandar.

Malamin koyar da gyaran mota, Wudil: Zan ƙara abu biyu. Rage tsayin mota shi kaɗai ba ya murɗa sandar, muddin ɓangarorin biyu sun sauka daidai, domin sai dai ta juya a cikin bushinta, hannuwanta su canja kusurwa. Saboda haka, kafin a taɓa komai, a kwance linkeji ɗaya a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin fenda. Idan karkatar tana nan bayan an kwance shi, to laifin yana ga sifirin ko shokozoba, kuma bai dace a yi amfani da linkeji wajen ɓoye shi ba.

Na biyu, maganar da aka saba ji cewa motar da aka rage wa tsayi gajeren linkeji take so ba gaskiya ba ce a kowace mota. A wannan Corolla, linkejin gaba yana saukowa ne daga jikin shokozoba zuwa sandar, don haka idan sifirin kaɗai aka canja, yana iya buƙatar ƙarin tsawo maimakon ragi. Awo ne zai raba gardama. Idan an gama, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar sandar da linkejin ba sa gogar shaf, wato ƙarfen da ke juya taya, ko tiyon birki.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Shin sai na sake yin alaimen, wato saita zaman tayoyi, bayan wannan?

Malamin koyar da gyaran mota, Wudil: Linkeji ba ya cikin abubuwan da ake saita alaimen da su, amma idan tsayin motar ya canja bayan an sassauta sandar, ko kuma ba a taɓa yi mata alaimen ba tun da aka sa gajerun sifirin ɗin, to ka kai ta a duba, domin rage tsayi yana canja zaman tayoyi har su riƙa cinyewa ta gefen ciki.