Wayar jan ƙarfe tana ɗagowa daga jikin kofin katako

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabata a wannan sana'a. A ƙarshen damina na fafe kofuna 4 masu ƙafa a kan injin juya katako, daga reshen maɗaci, na tsaga siririn gurbi a kewayen kowanne, na dasa wayar jan ƙarfe don ado, na liƙe da sufa gulu. Da hunturu ya kankama sai wayar ta ɗago har farce yana shiga ƙarƙashinta, biyu daga cikin kofunan kuma suka dare daga gindi. Shin laifin gam ne ko na itacen?

Tsohon Masassaƙi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gam ba shi da laifi sosai, ɗanyen itace ka yi wa ado. Itace yana shan laima da damina ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta tsotse shi ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda ka sa shi. Da kofin ya rame, zoben wayar ya fi ƙarfin ƙugunsa, ba shi da wurin zuwa sai waje. Kuma itace ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare, shi ya sa idan ka duba bakin kofin da kyau za ka ga ya ɗan koma siffar ƙwai.

Darewar gindi kuwa daga zuciyar reshen take, wato cibiyar da ke tsakiyarsa, domin daga nan tsaga take farawa. Ka nemi gungume mai kauri ka faskara shi, ka ɗauki gefen da babu zuciya. Ka fara fafewa sama-sama, ka bar kaurin bango kamar kashi 1 cikin 10 na faɗin kofin, ka shafe kan kofin da gindinsa da kakin zuma, ka ajiye a inuwa cikin ɓarzar da ka fitar har tsawon watanni. Ni nakan riƙa aunawa a sikeli, sai nauyin ya daina raguwa nake mayar da shi kan inji. Da ni ne ma, da kanya ko ƙirya zan zaɓa, domin jikin itacensu ya fi matsewa, bakin gurbi ba ya marmashewa.

Maƙerin Farfaru:
Baba ya gama magana a kan itace, bari in ƙara ta fannin ƙarfe. Malam, ka gasa wayar a wuta har ta yi ja kamar garwashi, ta huce kafin ka dasa, domin ta yi laushi ta daina ƙoƙarin miƙewa. Gurbin ya zama gindinsa ya ɗan fi bakinsa faɗi, yadda idan ka bubbuga wayar da ƙaramar guduma za ta baje ta kama kanta. Sufa gulu yana bushewa ya yi gautsi, gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi jurewa. Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar mai sha: kada jan ƙarfe ko tagulla su kusanci inda leɓe yake taɓawa, balle cikin kofi, domin tsamin zoɓo ko kunun tsamiya yana cin su ya fitar da koren tsatsa mai cutarwa, wata tagullar ma akwai darma a cikinta.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. To cikin kofin fa, Baba, da me zan shafe shi?

Tsohon Masassaƙi:
Idan na ruwan sanyi ne, kakin zuma ya isa, ka goga shi inji yana juyawa har ya narke ya shige. Kada ka zuba masa shayi mai zafi, domin kakin zai narke, kuma kada ka jiƙa shi a bahon wanke-wanke.